Mu masu saida kaya ta waya a Sakkwato, mi gwamnati ka yi muna?

Mai Atamfa, Tsohuwar Kasuwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ni ka son mu tattauna da hankali don ta shafi abincin da yawanmu. Yanzu mafi yawan cinikina ba cikin shago shi ka faruwa ba, a waya na, in ɗora hoton atamfa ko leshi ko shadda a sitatus ɗin WhatsApp, mata su gani daga Gwiwa ko Arkilla ko ma Birnin Kebbi da Gusau, su turo kuɗɗi in ba mai mashin ko in kai tasha a sa a mota. Tun 2019 lokacin Pantami anka ƙara ma ma'aikatar sadarwa sunan tattalin arzikin zamani, kullum a rediyo ana cewa a rungumi kasuwancin intanet. To mun runguma. Abin da ni dai nig gani ya iso gare ni shi na naira 50 da aka cirewa ga turansifa, da maganar rajista, da tsadar data. Amma ranar da wani yat turo maka alat na ƙarya yat tahi da kayanka, ina ofishin da za ka shiga ka hwaɗi kukanka da Hausa a saurare ka? Wanda ya sani ya sanar da mu don Allah.

Maman Biyu:
Wa'alaikumussalam Alhaji. Wallahi kamar ka shiga zuciyata. Ni turaren wuta da humra nake haɗawa a gida nan Mabera, ban da shago ban da yaron shago, wayar nan ita ce shagona, in data ta ƙare to an rufe kasuwa ke nan sai an sake sawa. Tunda aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025 abin ya taɓa mu sosai, don bidiyo ake so yanzu, kwastoma ba ta yarda da hoto sai ta ga kin buɗe kwalba kin nuna mata a bidiyo, kuma bidiyo shi ke cinye data.

Ɗan POS, Gawon Nama:
Hajiya kashi 50 cikin ɗari hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara, watan Janairu 2025. Mu ma injin ɗinmu da netwok yake aiki ai.

Dillalin Albasa, Ramin Kura:
Ni dai ra'ayina daban na. Ku bar kiran gwamnati cikin wagga harka. Duk inda tas shigo da sunan tsari to kuɗɗi ta ka nema, ku rubuta ku aje. Mu nan tun kahin a san WhatsApp muna loda albasa zuwa Mile 12 ta Legas da Anacha da Fatakwal bisa amana, ɗan kasuwa can ya bugo waya a yi ciniki a loda tirela, in ta isa ya biya. Yanzu abin da yac canza hoto da bidiyo na buhu da aka turawa da turansifa. In wani ya ci amana ƙungiya ta san yadda ta ka yi da shi, a hana kowa loda mashi har sai ya biya. Wane ofishin gwamnati ka iya wanga aiki cikin kwana biyu?

Maman Biyu:
Baba ku kuna da ƙungiya kuna da shugabanni, kuma kun san mutanen da kuke hulɗa da su shekara da shekaru. Ni wadda za ta saya wurina yau ban taɓa ganinta ba kuma wataƙila ba zan taɓa ganinta ba, lamba ce kawai da hoton fure a furofayil. Ƙungiyar wa zan kai ta?

Anti Malama:
Ku bari in yi magana a madadin masu saye don naga duk masu sayarwa ne ke ta magana. Ba ku kaɗai ake cuta ba fa. Na taɓa yin odar leshi a wani shafi na Instagram saboda bikin ƙanwata, hoto mai kyau, na tura kuɗi har da na mota, abin da ya iso daban da abin da na gani, launi daban yadi ma bai cika ba, da na yi magana sai aka ce ai ba a mayar da kaya in an saya, da na matsa sai aka yi bulokin ɗina. Kuɗin albashi ne na malamar firamare, kun san yadda yake. Tun daga nan in ban san mutum ko wanda ya san shi ba bana tura sisi. To kun ga asarar ta koma kan masu gaskiya irin su Maman Biyu, don ni da ire-irena mun ja baya. Saboda haka ni ina son tsari, a san waye ke sayarwa, a san inda yake.

Ɗalibin Shari'a, Danfodiyo:
Anti sannu, Allah ya mayar da alheri. Bari in ɗan yi bayani don akwai abubuwan da doka ta riga ta tanada mutane ne ba su sani ba, kuma rashin sanin ba laifinsu ba ne tunda ba a kawo musu shi da harshensu ba.

Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, ita ta kafa hukumar FCCPC. A ƙarƙashinta in ka sayi kaya bisa siffar da aka nuna maka ba ka gan shi da idonka ba, ya zo bai dace da siffar ba, kana da haƙƙin mayarwa a ba ka kuɗinka, rubuta "ba a mayar da kaya" a shafi ba ya goge wannan haƙƙin. Kuma hukumar ba ƙaramin ƙarfi gare ta ba, ita ce a watan Yuli 2024 ta ci kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp tarar dala miliyan 220, ita ce kuma ta taso ma manhajojin bashi da ke tona asirin mutane suna tura saƙo ga duk lambobin da ke wayarsu. Matsalar ita ce hanyar kai ƙara galibi ta shafin intanet ce da imel da Turanci, mace tana Rijiyar Ɗorowa an cuce ta dubu goma sha biyar ba za ta bi wannan doguwar hanya ba, haƙuri za ta yi ta bar wa Allah.

Maganar alat na ƙarya da Alhaji ya kawo kuma laifi ne kai tsaye ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024, ana iya kai wa 'yan sanda, kuma EFCC na da ofishi nan Sakkwato. In matsalar ta banki ce, an cire kuɗi bai je ba, ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, CBN, ita ce ka fara kai ƙorafi bankinka a rubuce su ba ka lambar ƙorafi, in mako biyu ya wuce ba a warware ba sai ka ɗaga zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN. Ku riƙa ajiye sikirinshot na hira da risit, su ne hujja.

Mai Atamfa, Tsohuwar Kasuwa:
Madalla ɗana, Allah shi yi albarka, ka ga ni yau nij ji wanga bayani na mako biyu. Amma ka lura da abin da ni ka hwaɗi. Hukuma ta iya bin Meta har ta ci ta tara ta miliyoyin dala, wanga ya yi kyau, to ni da anka kwashe ma turmi biyar fa? Naira 50 ba ta ɓata hanya, duk lungun da kake za ta same ka cikin daƙiƙa. Kariyar ita ta ba ta san hanyar Sakkwato ba.

Ma'aikaci:
Alhaji da girmamawa, a yi wa gwamnati adalci. Wannan turansifa da kuke yi kuɗi ya shiga nan take ba daga sama ya faɗo ba, tsari ne da CBN da bankuna suka gina, an fara manufar rage amfani da tsabar kuɗi tun 2012 a Legas, aka kawo BVN a 2014, aka ba kamfanoni irin OPay da Moniepoint da PalmPay lasisi, yau mai shayi da mai kilishi da mai fura duk suna da lambar asusu a manne. Shekara goma baya sai ka ɗauki kuɗi a jaka ka hau mota zuwa Kantin Kwari a Kano da fargabar hanya. Sannan a 2020 lokacin korona an yi rajistar sunayen kasuwanci 250,000 kyauta a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a 2022 an sa hannu a dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha, a 2023 an yi dokar kare bayanan mutane, ga shirin 3MTT na Bosun Tijani da ke koyar da matasa fasaha. Ba za a ce ba a yi komai ba. Mutanenmu ma na da nasu, in an buɗe abu sai a ce na 'yan boko ne ko na 'yan kudu ne, sai an rufe a fara ƙorafi.

Dillalin Albasa, Ramin Kura:
Malam Ma'aikaci ka manta da farkon 2023 ko ko tsallake shi kay yi? Lokacin da Emefiele, gwamnan CBN na lokacin, yac canza takardun naira 200 da 500 da 1000 anka kwashe kuɗɗi hannun mutane. Manomi ya kawo albasa da tafarnuwa daga Wurno da Goronyo ba shi da asusu, ba shi karɓar turansifa, mu kuma ba mu da tsaba, kaya na zube rana na dukan su, albasa kuwa ba ta jiran kowa. Mutane sun saida kaya da asara wanda har yau wasu ba su tashi ba. Sai da Kotun Ƙoli tas sa baki cikin watan Maris sannan anka numfasa. Awo mutane sun koyi turansifa, amma da kuka sunka koye ta. Kuma ina eNaira, kuɗɗin intanet na CBN, da anka ƙaddamar 2021 da biki? Wa ka amfani da ita nan gidan, ya ɗaga hannu.

Ɗan POS, Gawon Nama:
Ni dai ban taɓa samun kwastoman da ya ce zai biya da ita ba.

Ma'aikaci:
Baba canjin kuɗi kam an sha wuya, ni ma na kwana a layi, ban kare yadda aka aiwatar da shi ba. Abin da nake cewa kar wannan ya sa a ƙi duk wani tsari.

Ɗan POS, Gawon Nama:
To bari in faɗi namu tunda mu ne a tsakiya, duk cinikin da kuke yi ta waya ƙarshensa wurinmu yake zuwa a mayar da shi tsaba. A 2024 aka ce kowane mai POS sai ya yi rajista da CAC, aka sa wa'adi 7 ga Yuli aka ɗaga zuwa 5 ga Satumba, yara suka yi ta rububi suna biyan ejan kuɗin da ya ninka na hukuma saboda ba su iya cike fom ɗin da kansu, wasu ma an karɓi kuɗin ba a yi musu ba. A ƙarshen shekarar aka ce kwastoma ɗaya kar ya ciri sama da dubu 100 a rana wurin mai POS. To mai sayen raguna a Kara ko a kasuwar Achida ko Illela dubu ɗari me za ta yi masa, rago nawa ke nan? Sai ya riƙa zagaye daga wannan rumfa zuwa waccan yana biyan caji sau uku sau huɗu. Kuma daga Disamba 2024 aka shigo da naira 50 ɗin nan har cikin su OPay da Moniepoint ga duk turansifar da ta kai dubu 10, da can babu. Na gane ana son a toshe masu karɓar kuɗin fansa ta POS, wallahi ina goyon bayan wannan don mu ma 'yan uwanmu ake sacewa, amma a zauna da mu mana kafin a yanke, a tambayi yadda kasuwar dabbobi ke tafiya.

Maman Biyu:
Wai naira 50 ɗin nan wa ke biya ne yanzu? Don da ni ake cire wa in an turo.

Ɗalibin Shari'a, Danfodiyo:
Yaya a da mai karɓa ake cire wa, amma da sababbin dokokin haraji da Tinubu ya sa wa hannu a Yuni 2025 suka fara aiki Janairu 2026 an mayar da shi kan mai turawa. Kuma tunda an zo nan bari in kashe wata jita-jita da ke yawo a gurup-gurup cewa duk kuɗin da ya shigo asusunka za a yanki haraji a kai. Ba haka dokar ta ce ba, haraji kan riba ne ko abin da ka samu, ba kan kowane alat ba, kuma naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansa. Abin da zai cece ki shi ne rubutu, littafi ko da na ɗari biyu ne, nawa kika sayo kaya nawa kika sayar, kuma in da hali ki raba asusun kasuwanci da na cefane da gudummawar biki, don in komai ya cakuɗe wuri ɗaya ke ce za ki sha wuyar bayani in an tambaya.

Maman Biyu:
To Alhamdulillah, don wallahi akwai matan da suka daina ba da lambar asusu saboda wannan maganar suka koma sai tsaba, kasuwarsu ta ja baya. Ka ga da an fito a Rima Rediyo an yi bayanin nan da Hausa tun farko da ba a kai haka ba.

Mai Mashin, Runjin Sambo:
Salamu alaikum iyayena. Ni ke kai saƙo cikin gari. Duk wannan magana in ba a gyara adireshi ba aikin banza ne. Za a ce min ka zo Tamaje bayan masallaci gida mai jan get, in je in tarar masallaci uku get ja biyar, in kira waya ba netwok ko matar gida ba ta ɗaga baƙuwar lamba, in ƙone mai ina zagaye, a ƙarshe kuɗin da aka biya ni bai kai na man ba. Sabbin unguwanni irin su Bado da Dambuwa da Kwannawa kullum faɗaɗa suke babu sunan layi babu lambar gida. Wannan ai ba aikin Abuja ba ne, jiha da ƙananan hukumomi za su iya. Kuma in za a yi mana rajista a yi ta daidai ƙarfinmu, kar a maimaita irin na 2020 da hukumar gidan waya, NIPOST, ta fito da kuɗin lasisin masu kai saƙo mai tsada har sai da minista ya dakatar da shi bayan mutane sun yi ca.

Baduku, Cikin Gari:
Ƙanena ka taɓo wuri. Mu takalma da jakunkuna da fulo na fata mu ka yi, fatar jan akuyar Sakkwato da duniya ta san da ita tun zamanin ayari. Ɗana shi ab buɗe muna shafi a Facebook da TikTok, wallahi har daga Ingila da Saudiyya ana tambaya. Amma aika jaka guda waje kuɗin aikawa ya fi kuɗin jakar, karɓar kuɗɗi daga waje kuma wani dogon aiki na, sai mu bi ta hannun wani a Kano ko Legas shi ya kwashe ribar. In gwamnati na son tallafi na gaskiya ta yi muna wuri guda nan Sakkwato da za a tara kayan masu sana'a a aika tare da sauƙi, a koya ma yaranmu takardun fitar da kaya. Ba taron bita a otal a raba jaka da biro ba.

Dillalin Albasa, Ramin Kura:
Ga iyaka ma. Konni na nan kusa da Illela, mutanen Nijar abokan cinikinmu na tun kaka da kakanni, anka rufe iyaka 2019, anka sake rufewa Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar sai Maris 2024 anka buɗe. Kana iya ciniki da mutumin Tawa a waya cikin minti biyu amma kayan ba su bi ta waya. Sannan ku tuna Satumba 2021 da anka katse netwok a ƙananan hukumomi 14 na jihar ga. Ka ce ma mutum ya bar tsaba ya koma waya, sannan ka kashe wayar.

Ma'aikaci:
Baba wannan saboda 'yan bindiga aka yi, rayuka ake ƙoƙarin ceta a gabashin jiha, Isa da Sabon Birni da Rabah kowa ya san halin da ake ciki.

Dillalin Albasa, Ramin Kura:
Na sani ɗana, ina da dangi can, Allah shi kawo muna ƙarshen abin. Abin da ni ka nuna maka shi na wanda ka zaune Abuja shina tsara kasuwancin intanet bai lissafa da garin da babu sabis ba, ko wanda in ka hau tudu kaɗai ka ka samu.

Malam, Gidan Dare:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na bi maganganunku tun daga sama. Ina so in ce wa Alhaji mai albasa, sa ido a kasuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A wannan gari a zamanin su Shehu da Sarkin Musulmi Bello akwai muhtasibi, aikinsa ya duba mudu da sikeli ya hana algus, kuma hukuma ce ke naɗa shi. Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Wanda ya ɗora hoton kaya mai kyau ya aika maras kyau, ko ya ƙara wa hoto haske don launi ya canza, ya shiga wannan gargaɗi. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffa, da sharaɗin in ya zo ya saɓa wa siffar mai saye na da zaɓi ya mayar. Kun ga abin da yaron nan ɗalibi ya ce doka ta tanada, fiƙihu ya riga ya faɗe shi. Haka mai tura alat na ƙarya ɓarawo ne ko da bai fasa ƙofa ba. Saboda haka hukuma ta tsaya wa wanda aka zalunta wajibi ne a kanta, kuma in ta karɓi kuɗi a hannun talaka ba ta tsaya masa ba za a tambaye ta.

Anti Malama:
Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara lafiya. Don Allah a riƙa faɗin wannan a wurin karatu da huɗuba, har da maganar masu tallan magunguna da kayan mata a TikTok. Wannan shi ya fi tayar min da hankali fiye da leshina. Ana haɗa abu a roba babu lambar NAFDAC babu ranar lalacewa babu sunan abin da ke ciki, a ce yana maganin sanyi da basir da ƙiba da rama duk shi kaɗai, mata na sha suna cusawa, in ya yi illa kunya ta hana su faɗa. Da man bilicin da ake shafa wa har yara. A nan kam ko Baba mai albasa ba zai ce gwamnati ta cire hannu ba.

Dillalin Albasa, Ramin Kura:
A'a ɗiyata, abin da ka shiga cikin mutum daban na, wanga a kama su ban da ja.

Maman Biyu:
Anti gaskiya ne amma a bambance. Akwai matan da suka gaji sana'ar nan daga iyaye suna yi da tsafta, in aka ce kowa sai ya kawo lambar NAFDAC yau to duk za su rufe, don sharuɗɗan sai kana da ɗaki na musamman da kuɗin gwaji da zirga-zirga, wadda jarinta bai kai dubu hamsin ba ina za ta iya. Ni abin da zan so a yi wuri ɗaya na haɗin gwiwa mai tsafta da hukuma ta amince da shi, mata su riƙa zuwa suna haɗa kayansu a can a ba su lamba a rukuni. In an sauƙaƙa hanya sannan wadda ta ƙi bi a hukunta ta, babu mai tausaya mata.

Ɗalibin Shari'a, Danfodiyo:
Wannan shi ne daidai Yaya, a buɗe ƙofa kafin a ɗauko bulala. Kuma akwai abin da jiha za ta iya ba tare da jiran Abuja ba. Legas ta fara kotun ƙananan basussuka a 2018, Kano ma ta bi, inda mutum ke shigar da ƙara da kansa ba sai da lauya ba a gama cikin ɗan lokaci. Irin wannan in an ƙarfafa shi aka yarda da hirar WhatsApp da risit na turansifa a matsayin hujja, wanda dokar shaida ta 2011 ta riga ta ba da dama, to rigimar dubu ashirin da talatin ta samu wurin zuwa. Sai teburin karɓar ƙorafi a Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa, da lambar WhatsApp da mutum zai tura saƙon murya da Hausa ko Fulatanci, don da yawan iyayenmu ba rubutu suke yi ba, murya suke turawa.

Mai Atamfa, Tsohuwar Kasuwa:
To ka ga yanzu an zo inda ni ka so. Ni ban ƙi rajista ba, ban ƙi naira 50 ba in har na ga abin da tas saya mani. Lokacin gobarar Babbar Kasuwa Janairu 2021 na ga mutanen da shagonsu yat toye ƙurmus, waɗanda ad da kwastomomi cikin waya su sunka fara miƙewa, don wuta ba ta ci lambobin ba, sunka karɓo kaya bashi Kano sunka ci gaba daga gida. Tun ran nan nis san wagga hanya ba wasa ba ta. Shi ya sa abin ka yi mani ciwo in ga an bar ta hannun 'yan damfara har mutanen kirki irin Malama na gudu. A yi rajista mai sauƙi da NIN da lambar waya, kyauta ko kusa da kyauta ga mai ƙaramin jari, a ba mutum lamba da zai sa a shafinai, mai saye ya iya dubawa ya ga awo wanga sananne na ga inda ya ke. Wanda anka kama da cuta a soke lambar.

Dillalin Albasa, Ramin Kura:
Alhaji ranar da sunka gama tattara sunayenku da lambobinku, takardar haraji ta ka biyo baya, ta tarayya da ta jiha da ta ƙaramar hukuma da ta masu tikiti bakin kasuwa. Ni in za a yi to ƙungiyoyin kasuwa su riƙe rajistar, hukuma ta zo ta hannunsu.

Maman Biyu:
Baba mu matan gida ba mu cikin ƙungiyar kasuwa fa, ba mu da rumfa, ko taro aka kira ba a san da mu ba. In aka ba ƙungiya kaɗai an sake barin mu a waje.

Ma'aikaci:
Hajiya ku kafa taku ku yi mata rajista a matsayin ƙungiyar gama kai, da ita ake samun shiga shirye-shiryen SMEDAN, hukumar tallafa wa ƙananan sana'o'i, da bankin masana'antu, mutum ɗaya ba a cika jin sa ba. Zan iya taimakawa da yadda ake rubuta tsarin mulkin ƙungiya in kun shirya, ba sai an biya ni ba.

Admin:
Jama'a an gode, magana ta yi amfani. Ɗalibi don Allah ka tattara abubuwan da aka kawo a takarda ɗaya da Hausa, teburin ƙorafi, adireshin unguwanni, wurin haɗa kaya na mata, wurin aika kayan fata, da maganar iyakar cire kuɗi a kasuwannin dabbobi, mu ga ko shugabannin 'yan kasuwa za su karɓa su kai gaba. Kuma daga yau duk mai tallata kaya a gidan nan sai wani ɗan gida ya tsaya masa.

Ɗan POS, Gawon Nama:
Admin a ƙara da wannan a sanar da kowa, kar wanda ya saki kaya saboda saƙon tes ko sikirinshot, ka buɗe manhajarka ka ga balans ya ƙaru da idonka, in netwok ya ƙi to kaya su jira.

Maman Biyu:
Malam Ma'aikaci mutum nawa ake buƙata kafin a yi rajistar ƙungiyar, kuma dole sai mun je ofis da kanmu ko wakili zai iya? Don wasu cikinmu sai da izinin maigida suke fita, gara in san abin da zan faɗa musu tun yanzu.